Sashen da Ban Auna Ba

Kwarbai, Birnin Zariya
Laraba, 16 ga Maris, 1977
Ƙarfe biyar saura kwata na yamma

Yaya Barira,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kuna lafiya ke da Malam Haruna da yara, da fatan aikin asibiti da sauƙi. Inna lafiya, ƙafar ta saki. Amarya Maijidda tana gaishe ki. A zaure nake rubuta wannan, dawowata ke nan daga ofis, ko keken ban shigar ba.

Kin san ofishinmu ne ke fitar da jerin rabon takin zamani: sunan kowane manomi, buhun da zai samu, da siton da zai je ya karɓa. Bana sunaye dubu goma sha takwas ne. Kwamfuta ake ba aikin. Ba mu da tamu, wata cibiya ke ba mu aron tata, awa biyu ranar Talata, awa biyu ranar Alhamis. Umarnin da muke ba ta, wanda muke kira firogiram, a jikin katuna masu huda yake, akwati guda. Wata ɗaya ke nan ana sa aikin, awa biyun ta ƙare bai wuce sulusi ba, mai kula da injin ya tsayar ya ɗora na wasu. In jerin bai fito kafin ruwan farko ba, taki zai kwana a sito manoma na jira.

Firogiram ɗin sassa uku ne. Ɗaya yana karanta katunan manoma ya buga sakamako, abokina Ɗahiru ya rubuta shi. Ɗaya yana lissafin buhuna, ni na rubuta. Na uku yana nemo ƙauyen kowane manomi da sitonsa. Wannan tsoho ne, shekara shida yana aiki. Dokar ofis ita ce kowane sashe ana sa masa sunan wanda ya rubuta shi, haruffa shida, don a san wanda za a nema in ya ɓaci.

Makon jiya surukina, baban Maijidda, a matsayinsa na shugaban sashenmu, ya aiko mini da takarda ta hannun sakatare cewa in auna a ga inda lokacin ke tafiya. Yadda ake yi ba wuya. Injin yana da agogo a cikinsa. Sai a cusa kati a bakin sashe mai cewa a duba agogo, wani a ƙarshensa mai cewa a sake dubawa a tara bambancin. In aiki ya tsaya, injin ya buga sunan kowane sashe da lokacin da ya ci. Amfanin abin shi ne kada a yi gyara da zato.

Na sa agogo a sassa biyu. Daga lokacin da aka auna, kashi tamanin cikin ɗari ya tafi a sashen Ɗahiru, ashirin a nawa. Haka na rubuta, kalma da kalma, kuma gaskiya ne.

Yau aka ba Ɗahiru takardar canjin wurin aiki. Daga 18 ga Afrilu zai koma wani sito can bayan Birnin Gwari, ƙirgar buhuna. Kin tuna shi, dogon nan da ya riƙe mini lema ranar ɗaurin aure. Mahaifinsa yana kwance a Limancin Kona, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma shi kaɗai ne namiji a gidan da ke ɗaga shi.

Abinci ya ƙi shiga. Ban san abin da nake so ki ce mini ba.

Ki gaida mutan gida. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Zailani


Jos
Lahadi, 20 ga Maris

Zailani,

Mun ga takardarka, muna lafiya, sanyin garin nan ne kawai har yanzu bai gama tafiya ba. A gaida Inna, a ce mata ta daina tsugunno wajen murhu.

Ni ban taɓa ganin kwamfuta ba, amma na san ka tun kana yawo ba wando. Kai ne yaron da in an aike ka sayen gishiri kake dawowa ka faɗi yawan mutanen da ka tarar a layi. Yau ka rubuto mini shafi biyu, ka faɗi har kwatan ƙarfe, amma ka ce sassa uku ne ka auna biyu, ka wuce da sauri kamar mai tsallake kwata. Kuma ba ka ce minti nawa ba, sai kashi kaza cikin ɗari. Kashi tamanin na me? A ɗakin haihuwa in wata ta ce mini jinin ya ragu da rabi, sai in ce ta nuna mini zanen.

Na ukun na wa ne? Bar shi, na sani, na surukinka ne. Alhaji Mika'ilu. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Maijidda ta ba ni labari cewa tun da aka yi bikinku ka daina bin layin gidansu da keke, kake zagayawa ta bayan kasuwa, har rannan ka faɗa ramin marina. Na yi dariya a lokacin. Yanzu ban yi ba.

Rubuto mini mintocin.

Malam Haruna yana gaishe ka, ya ce wai injin naku zai iya gaya masa inda albashinsa ke tafiya?

Yayarka,
Barira


Kwarbai
Talata, 29 ga Maris, bayan magariba

Yaya Barira,

Gaisuwa da fatan alheri. Na isar wa Inna saƙonki, ta ce ke ma ki daina tsayuwar dare.

Ga mintocin. Sashen Ɗahiru minti takwas. Nawa minti biyu. Goma ke nan cikin ɗari da ashirin. Na ga wannan tun ranar farko. Na zauna da takardar a gabana, na mai da takwas da biyu suka zama tamanin da ashirin, na ƙara kalmomin nan “daga lokacin da aka auna” don kada in yi ƙarya. Na san ba wanda zai tsaya a kansu.

Ba zan ce miki na shirya cutar Ɗahiru ba. Ga yadda abin ya faru. Katunan baban Maijidda suna tsakiyar akwati, sun yi ruwan ƙasa don tsufa, da rubutun hannunsa a gefensu. Kafin in auna sashensa sai na raba katunan da yatsuna na cusa nawa a ciki, kuma sai na buga sunansa a kati don injin ya san abin da zai rubuta. Yaya, mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ofishinsa na jikin nawa amma ta sakatare muke magana. Na ji kamar an ce in shiga turakarsa in ɗaga katifa. Sai na ce wa kaina ai tsohon sashe ne, shekara shida ba a kuka da shi, sababbi ne abin zargi. Na rufe akwatin.

Ranar Alhamis da ta wuce na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na jira Sailuba mai buga mana katuna ta tafi sallar azahar, na zauna a injinta na buga haruffa shidan nan da kaina. Sau biyu ina ɓata kati. Sakamakon ya fito: minti ɗari da tara a sashensa.

Dalilin ma a fili yake. Jerin ƙauyuka yana kan faifan tef. Duk manomin da aka zo kansa, sai sashen ya mai da tef ɗin farko, ya bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya har ya sami nasa, manomi na gaba kuma a sake komawa farko. Tamkar mai sayar da hatsi da duk wanda ya zo awo sai ya koma gida ya ɗauko mudu. Abin da ya fi ba ni kunya, kowa na ganin faifan nan yana kai da kawowa ta cikin gilashi. In an kawo baƙi wurinsa ake tsai da su, su ga yadda inji ke aiki. Ni kaina na taɓa nuna wa wasu ɗaliban jami'a daga unguwar Kongo shi ina alfahari.

Na kwafi akwatin, na yi gyara a kwafin: a karanta jerin ƙauyuka sau ɗaya a ajiye a ƙwaƙwalwar injin, a riƙa dubawa daga can. Katuna goma sha huɗu. Yau na gwada, aikin gaba ɗaya ya ƙare a minti talatin da biyu. Yari mai kula da injin ya leƙo ya ce, “Malam Zailani, lalacewa ya yi?” Na ce gwaji ne. Na naɗe takardun na sa a ƙasan durowa.

Jiya Ɗahiru ya biyo ni gida. Kin san kullum da safe a Ƙofar Doka muke haɗuwa mu tafi ofis tare a kan kekunanmu, da yamma wani lokaci ya tsaya cin tuwo. Maijidda ta aiko da kwano zaure. Yana ci yana cewa, “Ango, ka saki ranka mana. Kai ka kore ni? Agogo ne ya kore ni.”

Na ce, “Wataƙila akwai kuskure a awon.”

Ya yi dariya har ya ƙware. “Kuskure a awonka? Kai da ka mai da wa malamin lissafi maki biyu don ya ƙara maka bisa kuskure? Da wani ne ya auna da na yi gardama. Ni dai abin da ke damuna tsoho ne. Ban gaya masa ba tukuna. Na fara koya wa ƙanwata Nana yadda ake juya shi, amma ka san ƙarfin mace, kuma shi ba ya son 'yarsa ta gan shi haka.”

Ya cinye tuwonsa, ya ce a gaya wa amarya miyar ta yi gishiri kaɗan amma ya yafe. Na raka shi bakin layi.

Ga abin da nake tunani. Ranar Alhamis in sa katunana goma sha huɗu a akwatin gaske ba tare da na gaya wa kowa ba. Jerin zai fito, manoma su sami taki, baban Maijidda ba zai ji kunya ba. Daga baya in nemi wata hanya in roƙa wa Ɗahiru. Me kika gani?

Ƙaninki,
Zailani


Jos
Asabar, 2 ga Afrilu

Zailani,

Lafiya muke. Zan taƙaita, yanzu na fito daga aiki.

Me na gani? Na ga an cire Ɗahiru daga aikin, mako na zagayowa aikin ya gyaru. Me kake so mutanen ofis su ce? Za ka buga masa hatimi ne a goshi. Kuma roƙon da za ka yi masa, ta bakin wa? Ta sakatare?

Ban ce ka je ka tsaya gaban surukinka ka ce ya yi kuskure ba. Ba a haife mu haka ba, ni ma har yau in na ji takun uwar Malam Haruna sai na gyara ɗankwali. Na san da wata magana ce da sai a sami dattijo ya kai. Amma wannan in ka aika wani, ka sa mutum na uku ya san aibin Alhaji kafin shi ya sani, wannan kuwa ya fi rashin kunya. Rubutu ka iya. Rubuta masa, ka sa mintocin yadda ka sa mini, ka fara da naka laifin. Ka ba Maijidda ta kai, 'yarsa ce, ba sai ta buɗe ba.

Ka gaya mata tukuna. Ina jin ba ka yi ba.

Kunyar da ka ji ta Alhaji ban raina ta ba. Amma Ɗahiru ne ya biya ta, kuma ba a tambaye shi ba.

Yayarka,
Barira


Kwarbai
Juma'a, 8 ga Afrilu, 1977

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, da fatan Baba ya sauko daga masallaci lafiya, Allah ya ƙara girma da nisan kwana.

Ina neman afuwa a kan rubuto wannan zuwa gida maimakon ofis. Rahoton da na miƙa ranar 11 ga Maris bai cika ba, kuma na san bai cika ba lokacin da na miƙa shi. Sassa biyu na auna cikin uku. Kashi tamanin da na ɗora wa Malam Ɗahiru minti takwas ne kacal cikin ɗari da ashirin.

Ranar 24 ga Maris na auna duka ukun. Sashen karatu da bugawa, minti takwas. Sashen lissafi, minti biyu. Sashen neman ƙauye, minti ɗari da tara, saboda mai da tef farko a kan kowane manomi. Takardar da injin ya buga tana haɗe da wannan. Na gwada wani gyara a kwafi, ba a akwatin ofis ba, aikin ya ƙare a minti talatin da biyu. Katunan gyaran ma ga su. Ban sa su ba, kuma ba zan sa ba sai da izinin Baba.

Babu laifin Malam Ɗahiru a jinkirin nan. A kan rahotona aka yanke masa hukunci. In akwai wanda ya cancanci zuwa sito, wanda ya rubuta rahoton ne.

Ban gaya wa kowa a ofis ba. Allah ya huci zuciyar Baba.

Ɗanka mai biyayya,
Zailani


Asabar, 9 ga Afrilu, 1977

Malam Zailani,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso. Na duba katunan goma sha huɗu, daidai suke, sai dai na tara, wanda ya kamata ya tsai da aiki in an sami ƙauyen da ba ya cikin jeri. Na gyara da jan biro.

Na rubuta sashen nan a 1971, a kan tsohon inji wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta ɗaukar jerin, lokacin manoma ba su kai dubu biyu ba. A lokacin daidai ne. An canja inji, manoma sun ƙaru, ban koma na duba ba. Da rahotonka ya zo na lura sunana ba ya ciki. Ban tambayi dalili ba, domin na ji daɗin rashin ganinsa. Da wannan na sa hannu a takardar Ɗahiru.

Ba wanda zai je sito. Amma a gaban mutane aka ba shi takardar, don haka a gaban mutane za a janye ta. Ranar Talata ƙarfe tara akwai taron sashe. Za ka tashi ka karanta sakamakon yadda injin ya buga shi, layi uku, kowane sashe da sunansa. Na san abin da nake nema a wurinka. A gida ni surukinka ne, kuma na gode da yadda ka riƙe wannan. Abin da ke cikin akwati kuwa katuna ne, kowa ya auna su.

A gaida mahaifiyarka.

Mika'ilu Tanko


Kwarbai
Talata, 12 ga Afrilu, bayan la'asar

Yaya Barira,

Gaisuwa. Na bi maganarki. Na gaya wa Maijidda ranar Alhamis. Ta ce, “Wato saboda Baba ne ka bar mini tuwo mako uku ina zargin hannuna?” Ta kai takardar ranar Juma'a a ƙarƙashin faifan da ta rufe kwanon abincinsa. Amsarsa na kwafa miki a bayan wannan.

An yi taron yau. Mu goma sha ɗaya ne. Na tashi na karanta layi na farko da na biyu. A na uku na tsaya. Baban Maijidda yana zaune a kujerarsa yana kallon taga, bai taimake ni ba. Na faɗi sunan. Ban san da wace murya ba, Sailuba ta ce an ji. Sannan na faɗi yadda na yi da rahoton farko, ban rage komai ba. Shi kuma ya ce sashen nasa ne, jinkirin nasa ne, ya karɓi takardar Ɗahiru ya yage ta biyu.

Da rana aka sa aikin. Minti talatin da uku. Gobe jerin zai tafi situna.

Ɗahiru ya jira har aka tashi daga taron. Da muka fito ya tsaya a bakin teburina ya ce, “Malam Zailani, ara mini katunan agogon nan.” Bai taɓa ce mini Malam ba. Na ba shi. Ya ce, “Daga yau ni zan riƙa auna naka.” Na ce ya yi daidai. Ya ce, “Na riga na gaya wa tsoho zan tafi. Kwana biyu bai ci abinci ba.” Ya ɗauki kekensa ya riga ni fita.

Ga abin da ban sani ba har yanzu.

Ban sani ba ko taki zai isa ƙauyukan nesa kafin ruwa, don jiya an yi hadari ta gabas.

Ban san inda minti ɗaya ya shiga ba. Takwas da biyu da ɗari da tara, ɗari da goma sha tara ne. Ina zaton lodin katuna ne, amma ban auna ba.

Ban san yadda zan gaida baban Maijidda ranar Juma'a ba, ko ta wane layi zan bi.

Ban sani ba, da ba ki tambayi mintocin ba, ko da na faɗa.

Ban sani ba ko gobe Ɗahiru zai tsaya a Ƙofar Doka. Ƙarfe bakwai muke haɗuwa. Zan je tun da saura kwata.

Ki gaida Malam Haruna da yara. Allah ya saka miki.

Ƙaninki,
Zailani